Zare a Bakin Mai Keke

Shagon Matar Direba ba shi da allo, kuma bai taɓa neman allo ba. In ka shigo layin masu katifa ka wuce mai gyaran agogo, ƙarar keken ɗinkinta ce za ta ja ka har bakin ƙofa. Ɗaki ne ɗan mitsitsi, taga ɗaya, benci na masu jira, gwangwanin maɓallai, sai rediyon da aka ɗaure wa ciki da ƙyalle don kada batir ya zubo. A bango akwai ƙusa, a ƙusar akwai rigar namiji mai ruwan toka, an gama komai nata sai hannun hagu da ba a ɗora ba. Baƙo yakan tambaya, ta wane ne? Ɗan unguwa ba ya tambaya.

A kan keken nan ta tsufa. Waɗanda ta ɗinka wa rigunan jarirai ta ɗinka musu kayan makaranta, ta ɗinka musu na aure, yanzu kuma 'ya'yansu take aunawa tana yi musu tsiya. "Wannan cikin naka ba yadin da zai rufe shi, je ka wajen masu katifa," haka take ce wa manyan mutane, su yi dariya su dawo gobe. Tsohuwa ce mai baki, mai tsafta, mai saurin fushi da saurin hucewa. Sunan nan dai bai canja ba, Matar Direba, alhali rabon da a ga direban tun ana yaƙi, yau shekara arba'in da ɗoriya. Kowa ya san ya rasu. Ita ma, kada ka ɗauka taɓuwa gare ta, ta sani sarai. Abin da take cewa kawai shi ne, "Ba a faɗa mini ba." Gaskiyarta kuwa, ba a faɗa mata ba, don ita da kanta ta hana a faɗa.

Mijin nata direban babbar mota ne, siriri, mai yawan dariya, mutumin da yake wanke motarsa kafin ya wanke fuskarsa. Da yaƙi ya ɓarke aka karɓe motocin gari don jigilar kaya, shi kuwa ya ce ba wanda zai taɓa masa sitiyari yana raye, ya bi abarsa. Ya bar matarsa da ciki, da kuma rigar da ta fara masa. Da zai fita ya ɗaga rigar ya duba, ya ce, "Ke dai ki ɗora hannun nan kafin in dawo, kada in shiga gari kamar wanda kare ya yaga."

A wancan zamanin akwai wani saurayi ɗan makaranta, mai tabarau da manyan kunnuwa, da aka ga ba zai iya da bindiga ba, aka ba shi kaki da keken hawa. Aikinsa ɗaya ne, ya bi gida-gida yana sanar da iyali cewa nasu ya faɗi. Mai Keke ake ce masa. Da farko in ya kaɗa ƙararrawa a bakin layi sai ka ga mata sun saki abin da ke hannunsu, kowace ta zuba ido ta ga inda zai tsaya. Da ya lura sai ya naɗe ƙararrawar da tsumma, don tausayi. Abin ya ƙara muni, domin yanzu sai dai mace ta ɗaga kai kawai ta gan shi tsaye a ƙofa.

Haka ita ma ta gan shi, wata rana da hantsi. Ya jingine keke a bangonta, ya yi sallama, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Ya buɗe baki ke nan idonta ya kai kan wani maɓalli a ƙirjinsa yana reto, saura ƙiris ya cire.

"Haba samari, haka kake shiga cikin mutane? Matso nan," in ji ta.

Kafin ya yi wani yunƙuri ta gutsuro zare ta sa masa a baki. "Riƙe. Doka ce a shagon nan, in ina ɗinki a jikin mutum ba ya magana, kada allura ta soke shi." Dokar kuwa gaskiya ce, haka take yi wa yara masu surutu har gobe. Ta ɗinke maɓallin tsaf. Sai ta sa almakashi ta yanke na ƙasansa, lafiyayye, wanda bai yi wa kowa laifi ba, ta sake ɗinke shi. Ta yanke na gaba. Ta bi na aljihu, ta bi na hannu. Yaron nan yana tsaye ƙiƙam, gumi na bin kunnuwansa, tana jin bugun zuciyarsa a bayan yatsunta. Tana tsoronsa, tana tausayinsa, amma ba ta tsaya ba. Da maɓallai suka ƙare ta miƙa masa ruwa a kofi, ta juya baya ta hau keken ɗinkinta, ta ce, "Sauka lafiya, a gai da mutanen gida." Bai sha ruwan ba. Ya ajiye kofin a benci, ya tura kekensa ya tafi, ko hawa bai yi ba, zaren na bakinsa.

Maƙwabta sun ga keken a bango, suka yafo mayafai suka cika shagon. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Lafiya? Maɓalli ya kawo." Suka zauna jugum-jugum har suka gaji suka watse. Tun daga ranar ba wanda ya iya furta mata kalmar, don da ka ɗauko zancen sai ta ce, "Kai aka aiko?" Bakinka ya mutu ke nan.

Ta haifi 'ya mace, ta yi renonta a gindin keke cikin kwandon ƙyallaye. Yaƙi ya ƙare, motoci suka dawo, wasu da direbobinsu, wasu da baƙin fuskoki. Manema sun zo, har da mai gyaran agogo, wanda ya yi ta kawo mata wando ɗaya ana rage masa tsawo har ya kusa kaiwa gwiwa. Ta ce masa, "Malam, ka taɓa jin an auri matar da mijinta ke hanya?" Ya ɗauki wandonsa, suka ci gaba da gaisawa.

Domin a wurinta mijin a hanya yake. Bayan azahar, in layi ya yi shiru, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan yadi, ƙafarta na taka keke ba tare da an sa ta ba, sai ƙarar keken ta koma ƙarar mota. Yadin da ke shigewa ƙarƙashin allura ya zama titi, miƙaƙƙe, da itatuwa hagu da dama. Takan gan shi ta gefe, gwiwar hannunsa a taga, yana rera 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Ya ratsa wani gari da ake shanya kaya a kan katangu, ya wuce yara masu ɗaga hannu, ya hau tudu ya gangara, ruwan sama ya same shi a wani kwari ya rabu da shi a wani. Ba ta taɓa ganin soja ko hayaƙi a hanyar ba. Ba ta kuma taɓa ganin ya tsaya ba. Muddin ƙafarta na motsi mota na tafiya, muddin kuma ba a faɗa ba, gida ya nufa. Shi ya sa ma ba ta ɗora hannun rigar ba, tana ganin in da sauran aiki, to da sauran hanya. Cikin wannan hali ta ɗinka rabin kayan unguwar nan, kuma ba a taɓa dawo mata da ɗinki don ya karkace ba.

'Yar ta tashi tana jera maɓallai a ƙasa tana cewa motocin Baba ne. Tana firamare ta ji gaskiya a bakin yara, ta haɗiye abinta, ba ta yi kuka ba, don a gidansu ba a yi makoki ba balle ta san inda za ta ajiye kukan. Ta girma ta zama malamar makaranta, har uwar ma Malama take ce mata. Ita ce ta fara shigo da zancen wani marubuci cikin shagon. Sunansa ya cika ƙasa a lokacin, gajerun labaransa ana karanta su a rediyo da yamma, ana koyar da su a aji, an rataya masa lambobin yabo har sun yi masa yawa. Wata rana Malama ta zo da littafinsa ta kifa a benci, bayan a sama. Hoton wani dattijo ne mai sanƙo da tabarau. Tsohuwa ta ɗauka, ta kai kusa da taga, ta daɗe tana kallo. Sanƙon dai sabo ne, amma kunnuwan nan na Mai Keke ko a cikin kasuwa ta gan su za ta shaida su.

"Karanto mini ɗaya," ta ce, "in ji abin da ake ta yayatawa."

Malama ta karanta mata na wani mutum da ya tsinci akuyar maƙwabcinsa mota ta take ta, ya saɓo ta a kafaɗa, yana tafe yana shirya yadda zai faɗa. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya tsaya ya gyara takalmi, ya gai da wanda bai sani ba. Ya iso ƙofar gidan, ya ji ana dariya a ciki, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

"Sai me?" in ji tsohuwa.

"Shi ke nan, Inna. Nan ya ƙare."

"Kamar yaya ya ƙare? Yage shafin aka yi?"

"Haka yake yi. Duk labaransa a bakin ƙofa suke tsayawa."

Haka kuwa abin yake. Akwai na likitan da ya yi ta wanke hannu tun daga farkon labari har ƙarshe, iyalin mara lafiya na jiransa a baranda. Akwai na yarinyar da aka aika gidan yayarta, ta zauna a dakalin ƙofa tana kallon tururuwa har inuwa ta juya. Ba harbi a ciki, ba tuta, ba ko sunan yaƙi, amma kana gama ji sai jikinka ya yi sanyi kamar kai aka zo wa. Kuma ko'ina sai ka tarar da wani da abu a baki, kafinta da ƙusa, ɗalibi da fensir, tsoho da tsinken sakace. Malama ta ce masana sun yi rubuce-rubuce a kan wannan, sun ce yaƙi ne ya ƙwace wa mutane harshe. Tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce ba su yi ƙarya ba.

Daga ranar da zarar an ce ga labarinsa a rediyo sai ta rage gudun keke ta kasa kunne, tana jiran ranar da wani zai ƙwanƙwasa a buɗe masa. Wani lokaci haushinsa ya kama ta, ta harari rediyon ta ce, "Mutum da girmansa, ƙwanƙwasa mana." Wani lokaci kuma kunya ta rufe ta, don ta san wadda ta tsayar da shi a nan.

Bara ne abubuwa biyu suka haɗu mata. Idonta ya fara dushewa, sai ta yi ta lalube kafin zare ya shiga allura, hanyar da take gani ma ta canja. Itatuwa na nan, titi na nan, amma direban ya daina waƙa. Gwiwar hannunsa ta sauka daga taga, ya rungume sitiyari, kansa na rinjaya yana ɗagowa. Ta hango furfura a ƙeyarsa. Wata rana ta ji kanta tana cewa a fili, "Ka tsaya ka huta mana, bawan Allah." Bai ji ba, ko ya ji ma ba zai iya ba, tunda ita ce ke tuƙa shi da ƙafa. Ana cikin haka rediyo ya ce marubucin nan ba shi da lafiya, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar take fita, an sallame shi daga asibiti ya koma gida. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ko ranar maɓalli. Saƙon nan a bakin mutum ɗaya yake a duk duniya. In ya tafi da shi, mijinta zai yi ta tuƙi ke nan, ba masauki.

"Malama, ki nemo mini gidan mutumin nan, ki kai ni."

"Inna, kin san shi ne?"

"Na taɓa yi masa ɗinki."

Da safe suka shiga motar haya. A hanya tsohuwa ta ba 'yarta labarin maɓallai, tana kallon taga, kamar labarin wata take bayarwa.

Gidan ba wani babba ba ne, bishiya ɗaya a tsakar gida da kujerun roba. Matarsa ce ta tarbe su, wata gajeriyar mace mai fara'a, ta ce su yi haƙuri likita ya hana baƙi, jiya ma 'yan jarida ta kora. Tsohuwa ta ce, "Ki ce masa tela ce, mai maɓalli." Matar ta shiga tana murmushi, ta fito ba murmushin, ta ce su shigo.

Ɗakin cike yake da littattafai, labule a ɗage. Yana zaune a kujera da bargo a gwiwa, hannunsa na hagu a yashe a cinya kamar ba nasa ba. Ya ƙare, ya zama ɗan ƙaramin tsoho, kunnuwan ne kawai ba su ragu ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ita ma ta dube shi, suka daɗe a haka.

"Samari," ta ce, "ka tsufa."

Gefe ɗaya na bakinsa ya yi dariya. "Hajiya... maɓallan nan... ko ɗaya bai cire ba."

"Ai ba na ɗinkin banza." Ta matso, ta sa yatsu biyu a gefen leɓensa, ta ja a hankali kamar mai zare wani abu, ta kakkaɓe a mayafinta. "Zarena na zo karɓa. Na gama ɗinki. Faɗi abin da aka aiko ka."

Ya rufe ido. Can sai ya girgiza kai, ya kama hannun kujera yana kiciniyar tashi. Matarsa ta ce, "Malam, likita fa ya hana." Ya ce, "Ba a faɗa... a zaune." Ba yadda ta iya, ta tallafe shi. Ya nuna wa tsohuwa kujerarsa ta zauna, Malama ta tsaya a bayanta. Shi kuwa ya ja ƙafa har ya fita daga ɗakin, ya sa matarsa ta ja ƙofa ta rufe. Suna jin numfashinsa ta waje. Shiru ya yi tsawo, har tsohuwa ta fara tunanin ko wannan ma a nan zai ƙare. Sai aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," ta amsa. "Shigo."

Ƙofa ta buɗe. Ya cire hula da hannunsa mai lafiya ya riƙe a ƙirji. Wannan karon maganar ba ta sarƙe ba, ta fito a jere tsaf kamar kayan da aka daɗe da ninkewa a akwati.

"Ke ce matar direba? An aiko ni in sanar da ke, Allah ya yi wa maigidanki rasuwa. Shekaranjiya da safe, kusa da wata gada. Sai haƙuri."

"Shekaranjiya," ta maimaita a hankali. Hannuwanta na kan cinya, ƙafarta ta dama na taka ƙasa, sama da ƙasa, kamar kullum. "Yana tuƙi?"

"A'a, Hajiya, ya tsaya. Waɗanda ke tare da shi sun ce ya tsayar da mota a gindin wata bishiya, ya kashe ta, ya zuba mata ruwa, ya goge gilashi. Sannan ya shimfiɗa kwali a inuwa ya kwanta. Barci yake yi lokacin da bam ya faɗo. Bai sani ba."

Ƙafar ta daina motsi. "Ashe ya tsaya," in ji ta. "Ashe tuntuni ya tsaya, ni ce ke ta wahalar da shi." Wani irin sauƙi ya sauko mata tun daga wuya har gwiwa, baƙin ciki kuma ya biyo bayansa, sabo fil, na shekaranjiya.

Marubucin ya jingina da ƙofa yana haki, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce, "A ba ni ruwa." Matarsa ta kawo, tsohuwa ta tashi ta karɓi kofin ta miƙa masa da hannunta. Ya shanye tas.

Sannan ta koma ta zauna, ta waiwaya ta kama hannun 'yarta, mace mai furfura a goshi, uwar 'ya'ya, wadda ta san zancen nan tun tana firamare. Ta dube ta da kyau, ta ce mata a hankali, yadda ake gaya wa ƙaramin yaro abu, "'Yar nan, kin ji. Babanki ya rasu."

Malama ta buɗe baki za ta ce ta sani. Sai ta durƙushe ta kifa kai a cinyar uwarta tana kuka irin na yarinya, uwar na shafa bayanta tana yin nata.